Kare bishiyar lemu daga ƙwari da cututtuka ta hanyoyi masu rahusa

Kare bishiyar lemu ta hanyoyi masu rahusa na nufin dabarun da manoma ke bi wajen rage ɓarnar ƙwari da cututtuka a gonakin lemun zaƙi, lemun tsami, tanjarin da danginsu, ba tare da dogaro kacokan ga maganin feshi na kamfani ba. Dabarun sun haɗa da tsaftace gona, kafa tarko, feshin ruwan 'ya'yan darbejiya ko na mai da sabulu, da kuma barin ƙwarin da ke cin 'yan'uwansu su yi aikinsu. Wasu daga cikinsu sun girmi maganin sinadari da ɗaruruwan shekaru.

Maganarsu ta sake tasowa a 'yan shekarun nan saboda tsadar magani, da haramcin da ƙasashe ke sanya wa wasu sinadarai, da kuma shigowar kwarkwatar lemu ta Asiya cikin Afirka ta Yamma. Wannan ƙwaro shi ke yaɗa cutar da ta durƙusar da noman lemu a jihar Filorida ta Amurka. Abin da aka gani a ƙasashe da dama shi ne dabarun na aiki sosai a kan ƙwarin da ke ɓata ganye da 'ya'ya, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ke warkar da bishiyar da waccan cuta ta riga ta kama.

Abin da ya sa maganar ta taso

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na nuna Najeriya tana samar da kusan tan miliyan 4 na lemu da danginsa a shekara, abin da ya sanya ta cikin manyan masu nomansa a duniya. Jihar Binuwai ce kan gaba, kuma daga can ne manyan motoci ke ɗauko mafi yawan lemun da ake saukewa a kasuwanni irin su 'Yan Lemo da ke Kano. Galibin gonakin na ƙananan manoma ne. Maganin feshi kuwa kusan duka daga waje ake shigo da shi ko sinadarin haɗa shi, don haka farashinsa na bin dala. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, kuɗin magani ya bi ta.

Dokoki ma sun ƙara tsauri. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar sinadarin dichlorvos da aka samu a jikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a ƙananan kwalabe. Tarayyar Turai ta daina amincewa da chlorpyrifos a 2020, wanda ya daɗe yana cikin magungunan da aka fi fesa wa lemu a duniya, sannan a 2025 aka sanya shi cikin jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ke son a kawar.

Akwai kuma wani tsohon darasi daga tarihin lemun kansa. A shekarun 1880 wani ƙwaro mai farin gashi kamar auduga, Icerya purchasi, ya kusa kashe gonakin lemu a Kalifoniya. A 1888 masanin ƙwari Albert Koebele ya aiko da wani ɗan ƙwaro mai ja da baƙi daga Ostireliya, wanda ake kira bedaliya, wanda abincinsa ke nan. Cikin shekara guda annobar ta lafa. Da aka fara fesa DDT a ƙarshen shekarun 1940, maganin ya kashe bedaliya, sai mai farin gashin ya dawo. Har yau haka abin ke faruwa: feshi mai kashe kowa da kowa yakan fi yi wa abokan manomi illa, domin masu ɓarnar sun fi saurin hayayyafa.

Ƙudan 'ya'yan itace

A Afirka ta Yamma ƙwaron da ya fi jawo asarar da manomi ke gani da idonsa shi ne ƙudan 'ya'yan itace na Asiya, Bactrocera dorsalis. An fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, kuma cikin shekaru biyu zuwa uku ya isa Benin, Senegal, Gana da Najeriya. Macen takan huda ɓawon lemu ta zuba ƙwai a ciki. Tsutsotsin su ƙyanƙyashe su ci tsokar, lemun ya ruɓe ya faɗo, su kuma su fita su shige ƙasa, bayan kwana goma ko makamancin haka su fito a matsayin sababbin ƙudaje. A lokacin zafi zagayen gaba ɗaya bai wuce wata guda ba.

Wannan zagaye shi ne ya nuna inda za a kama shi. Duk lemun da ya faɗo aka bar shi a gindin bishiya, gidan renon ƙuda ne. Shawarar da malaman gona ke bayarwa ita ce a riƙa tsince faɗaɗɗun 'ya'ya aƙalla sau biyu a mako, a zuba su a baƙar leda mai kauri a ɗaure a bar ta a rana na kwanaki har zafi ya kashe tsutsar, ko a binne su a rami mai zurfin aƙalla rabin mita. Rami marar zurfi ɓata lokaci ne, domin ƙudan na iya tono hanyarsa ya fito. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta yaɗa wata dabara da ta fi wannan: a zuba ruɓaɓɓun 'ya'yan a cikin wata 'yar rumfa rufaffiya mai tagar raga, wadda ramukanta sun yi wa ƙuda ƙanƙanta amma ɗan zanzaron da ke kashe shi na iya fita. Wannan zanzaro, Fopius arisanus, cibiyar ce ta kawo shi daga Hawai aka sake shi a ƙasashen Afirka da dama, yana zuba ƙwansa ne a cikin ƙwan ƙudan.

Tarko shi ne abu na biyu. Ana huda gorar roba a gefe, a rataya auduga a ciki wadda aka jiƙa da sinadarin methyl eugenol, a zuba ruwan sabulu a ƙasa. Ƙamshin na jawo namijin ƙuda daga nesa, ya shiga ya faɗa ruwan. Sinadarin ana samunsa a ganyen wasu nau'o'in ɗaɗɗoya, shi ya sa a Indiya wasu manoma ke amfani da ganyen a madadin na kanti, ko da yake ƙarfinsa bai kai ba. Abin lura shi ne maza kawai wannan tarko ke kamawa. Mace, wadda ita ce mai ɓarnar, abinci mai furotin take nema kafin ta yi ƙwai, don haka ita ana jawo ta da ruwan yis ko makamancinsa, a ɗiga shi a wani ɓangare na ganyen bishiya tare da ɗan guba kaɗan. Manomin da ya ga gorarsa ta cika da matattun ƙudaje zai iya ɗauka ya gama aiki, alhali matan na nan suna huda.

Raunin waɗannan dabaru ɗaya ne. Ƙudan na tashi daga gona zuwa gona, kuma yana rayuwa a mangwaro, gwaiba da sauran 'ya'yan itace, ya gama da wannan ya koma wancan. Wanda ya tsaftace gonarsa maƙwabcinsa bai tsaftace ba, ribar da zai samu kaɗan ce.

Jar tururuwa mai ɗinka ganye

Mafi daɗewar dabarar da aka rubuta a tarihin yaƙi da ƙwari ta hanyar wani ƙwaro a gonar lemu aka yi ta. Wani littafin tsirrai na ƙasar Sin da ake dangantawa ga Ji Han, na shekarar 304 miladiyya, ya bayyana yadda ake sayar da sheƙar wata tururuwa a kasuwa domin a ɗora a bishiyar lemu. Daga baya manoma suka riƙa gitta gora tsakanin bishiyoyi don ta samu gada. Wannan ita ce Oecophylla smaragdina, wadda manoman lemu a yankin kogin Mekong na Biyetnam ke kiwo har yau. 'Yar'uwarta ta Afirka, Oecophylla longinoda, ita ce jar tururuwar nan mai cizo da ke ɗinke ganyen mangwaro ko kashu ta yi sheƙa, ana samunta a wurare masu danshi da yawan itatuwa.

Binciken da Paul Van Mele da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 kan gonakin mangwaro a Benin ya nuna cewa bishiyoyin da tururuwar ta yi yawa a kansu sun fi tsira daga ƙuda nesa ba kusa ba. Ba kamawa kaɗai take yi ba, warin da take bari a jikin 'ya'yan ma yana sa macen ƙuda ta ƙi sauka. Kuɗin da ake kashewa bai wuce na igiyar da za a ɗaura tsakanin bishiyoyi ba, sai kuma haƙurin daina feshin da zai kashe ta. Matsalarta cizo ne, wanda ya sa masu tsinka da yawa ke ƙone sheƙarta. Shafa toka a hannu da ƙafa na rage shi. Tana kuma kiwon wasu ƙwari masu tsotsar ruwan itace saboda zaƙin da suke fitarwa. A busasshiyar arewa da Sahel, inda iska ke bushewa watanni da yawa, ba ta zama sosai, don haka amfaninta ya fi yawa a yankunan da ake noman lemun kasuwa.

Darbejiya, mai da sabulu

Darbejiya ko dogonyaro, wadda wasu ke kira bedi ko maina, asalinta daga yankin Indiya take, an kawo ta Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. A 1959 masanin ƙwari Bajamushe Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye komai ta bar darbejiya, a 1968 kuma aka ware sinadarin da ke yin aikin, azadirachtin. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi cin abinci, yana kuma hana tsutsa saɓar fata ta girma, shi ya sa mai feshi ba ya ganin gawarwaki washegari, wasu su yanke hukuncin cewa bai yi ba.

Ƙwayar cikin 'ya'yan ce ta fi ƙarfi, ta fi ganye sosai. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 50 na dakakkiyar ƙwaya a lita ɗaya ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace da ƙyalle, a ɗan sa sabulu don ya kama ganye. Yana aiki a kan darɓa, da tsutsar nan mai zana farin layi a cikin sabon ganye, da tsutsar malam-buɗe-littafi mai cinye ganyen dashe. Hasken rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, saboda haka da yamma ake fesawa, a kuma maimaita bayan mako guda muddin bishiyar na toho. Wannan ba komai ba ne ga mai bishiya goma. Ga mai bishiya dubu kuwa, kuɗin ƙwadagon tsinta, daka da maimaita feshi na iya cinye rahusar.

Ruwan mai da sabulu toshe wa ƙwari kafofin numfashi yake yi, musamman masu manne wa reshe da masu farin gari. Kashi ɗaya cikin ɗari na mai a ruwa ya isa. Idan waɗannan ƙwari suka ragu, baƙar fumfunar da ke rufe ganye ita ma takan tafi, domin a kan zaƙin da suke zubarwa take tsirowa. Sai dai mai na ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 30, ko bishiyar na jin ƙishirwa, kuma a yawancin yankin wannan na nufin sassafe ko faɗuwar rana.

Ciwon zubar ƙaro, wanda ke fasa ɓawon gindi ya riƙa tsiyayar da danƙo, wata ƙwayar cuta ce ta cikin ƙasa mai suna Phytophthora ke kawo shi, kuma ruwa ne ke kai ta. Rigakafinsa kusan kyauta ne: kada a bar ruwan ban ruwa ya kwanta a jikin gindi, kada a tara ƙasa ko taki a jikinsa, a dasa bishiyar yadda mahaɗin aurenta zai kasance sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Inda ciwon ya fara, ana kankare wurin a shafa kwaɓin Bodo, wato haɗin shuɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasar shafe, wanda Bafaranshe Millardet ya fitar a 1885.

Cutar da ke hana lemu nuna

A nan ne lissafin ya sauya. Cutar huanglongbing, wadda ake taƙaitawa HLB, bakteriya ce da ke zama a cikin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa, ta toshe su. Ganye na yin rawaya dabbare-dabbare, ɓangaren dama bai yi daidai da na hagu ba, kuma wannan shi ke bambanta ta da ƙarancin sinadarin zinc, wanda zanensa ke zuwa daidai a ɓangarorin biyu. 'Ya'yan na fitowa ƙanana a karkace, gindinsu ya ƙi barin kore, ruwansu ya yi ɗaci, su zube kafin lokaci. Bishiya na iya ɗauke da cutar watanni ko shekaru kafin alama ta bayyana, a duk tsawon lokacin kuma ana ɗiba daga jikinta.

Afirka ta daɗe da nata nau'in cutar, wanda kwarkwatar lemu ta Afirka, Trioza erytreae, ke yaɗawa. Amma shi da mai yaɗa shi ba sa jure zafi, don haka sun fi zama a tuddai masu sanyi na gabashi da kudancin nahiyar. Nau'in Asiya da kwarkwatarsa, Diaphorina citri, zafi bai dame su ba. Ƙwaron bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, yana tsotsa kansa a ƙasa bayansa a ɗage, a sabon toho kaɗai yake ƙwai, 'ya'yansa kuma na fitar da wani farin zare mai kama da kakin zuma.

An ga ƙwaron a Filorida a 1998, cutar kuma a 2005. A kakar 2003 zuwa 2004 jihar ta samar da akwati miliyan 242 na lemun zaƙi, kowane akwati kusan kilo 41. A kakar 2024 zuwa 2025 abin da aka samu bai wuce kimanin miliyan 12 ba. Guguwa da gine-gine sun ba da nasu kason, amma cutar ce babbar sila. Manoman Filorida sun yi feshi iya feshi, har aka tabbatar a 2011 cewa ƙwaron ya fara jure imidacloprid, daga 2022 kuma aka ba su izinin yi wa bishiyoyi allurar oxytetracycline, wadda ke rage cutar ba tare da kawar da ita ba. A Burazil, inda aka gano cutar a 2004, ƙididdigar cibiyar Fundecitrus ta nuna kashi 44 cikin ɗari na bishiyoyin yankin Sao Paulo da Minas Gerais sun kamu a 2024, shekarar da farashin ruwan lemu a kasuwar New York ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

A Afirka an tabbatar da nau'in cutar na Asiya a Habasha a 2010, a Kenya a 2020. Kwarkwatar ta bayyana a Tanzaniya da Kenya, sannan a 2020 masu bincike suka ba da rahoton samunta a jihar Oyo ta Najeriya, a 2023 kuma a Gana da Benin. Ƙwarin da aka gwada daga Oyo ba su ɗauke da bakteriyar. Tazarar shekaru bakwai da aka gani a Filorida tsakanin zuwan ƙwaron da gano cutar ita ce ta sa masana ke ɗaukar wannan rahoto a matsayin gargaɗi.

Iyakar abin da dabarun rahusa ke yi mata

Darbejiya da mai suna kashe 'ya'yan kwarkwatar, amma rage ƙuda da rabi na nufin rage asara da kusan rabi, alhali kwarkwata ɗaya mai ɗauke da cuta ta isa ta kama bishiya har abada. Duk da haka akwai wuraren da abokan gaba na halitta suka yi rawar gani. A tsibirin Riyuniyon an kawo ɗan zanzaro Tamarixia dryi daga Afirka ta Kudu a 1974, da Tamarixia radiata daga Indiya a 1978, aka haɗa da dashe mai tsafta, noman lemu ya farfaɗo. A kudancin Kalifoniya, inda aka fara sakin Tamarixia radiata da aka samo daga Pakistan a watan Disambar 2011, yawan kwarkwatar a bishiyoyin cikin gidaje ya ragu ƙwarai, musamman inda aka hana ƙananan tururuwa hawa bishiya, domin suna gadin 'ya'yan kwarkwatar suna korar zanzaron. A Filorida kuwa wannan zanzaro bai yi tasirin da aka sa rai ba.

Manoma a Biyetnam ne suka fara lura cewa lemun da aka dasa tsakanin gwaiba yana jinkirin kamuwa, bincike kuma ya nuna ƙamshin ganyen gwaiba na korar kwarkwatar. Gwajin da ya biyo baya ya nuna kariyar ba ta daɗewa, bayan shekara ɗaya da 'yan watanni cutar kan shigo. Ga Afirka ta Yamma ma akwai ƙarin cikas, tunda gwaiba na cikin abincin da ƙudan 'ya'yan itace ya fi so. Feshin farin yumɓu na kawolin ya fi ba da sakamako mai ɗorewa, yana rufe ganye ya ɓatar da ƙwaron ya kuma rage zafin rana. Akwai kawolin a Najeriya, har da Ƙanƙara a jihar Katsina, amma wanda aka gwada a Amurka da Burazil tacacce ne mai laushi ƙwarai, kuma ruwan sama na wanke shi.

Abin da ya fi tasiri a Burazil abu uku ne a haɗe: dashe daga gidan reno mai rufin raga, wanda jihar Sao Paulo ta wajabta tun 2003; tumɓuke duk bishiyar da ta kamu; da yaƙar kwarkwatar a yanki guda a lokaci guda. Na biyun ne ya fi ciwo, domin bishiyar da za a sare sau da yawa tana kan ba da 'ya'ya, kuma ƙaramin manomi ba shi da mai biyansa diyya. Na farkon shi ne ya fi dacewa da halin da Afirka ta Yamma ke ciki yanzu. Mafi yawan dashen lemu a yankin daga masu reno na bakin titi ake saye, a fili suke aure, da idon reshen da aka yanko daga kowace bishiya, sannan a ɗora dashen a mota zuwa wata jiha ko wata ƙasa. Ta wannan hanya cutar ke yin tafiyar da ƙwaron ba zai iya yi da fukafukinsa ba. Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da ke Ibadan ita ke da alhakin binciken lemu a Najeriya, hukumar NAQS kuma ke kula da shige da ficen tsirrai. Bayan lemu, kwarkwatar na hayayyafa a itacen ganyen kori da furen shinge Murraya paniculata da ake dasawa a gidaje da ofisoshi, don haka binciken sabon toho a gonaki kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da shingayen cikin gari.